Ƙwayoyin Cutar Maƙogwaro da Girman Tonsil da Ƙibar Yara: Waiwaye a Unguwannin Masana'antun Sharaɗa da Challawa da Bompai

Tsakure

Wannan maƙala ta yi bayani a kan yadda abubuwa uku suke cuɗanya a jikin yaro: ƙwayoyin cutar da ke zaune a maƙogwaro, da girman tsokokin nan biyu na gefen maƙoshi waɗanda likitoci ke kira tonsil, da kuma ƙiba. An ɗora bayanin a kan unguwannin da ke kewaye da masana'antun Sharaɗa da Challawa da Bompai a Kano, inda ƙura da hayaƙi da cunkoso da abincin leda suka haɗu wuri ɗaya. An kuma dubi kalmomin da Bahaushe yake ambaton waɗannan larurori da su, domin sunan da aka ba ciwo shi yake nuna ƙofar da za a nufa da yaro, ko ta wanzami, ko ta mai kemis, ko ta asibiti.

1.0 Gabatarwa

A gidan Bahaushe, yaron da ya yi ɓul-ɓul, yake kuma barci har da minshari, ba a lissafa shi cikin marasa lafiya. Ƙibarsa shaida ce ta cewa uwa tana kula, uba kuma yana riƙe da gidansa. Minsharin kuwa ana danganta shi da gajiya ko ƙoshi. Kaka takan yi masa tsiya, 'yan'uwa su kwaikwaye shi da safe a yi dariya, maganar ta wuce. A wurin likitocin yara kuwa, haɗuwar waɗannan alamomi biyu a jikin yaro ɗaya abin tsayawa ne a bincika, domin sau da yawa tana nuna cewa hanyar numfashinsa tana toshewa idan ya kwanta, kuma toshewar tana iya faruwa sau da dama a dare guda ba tare da kowa ya lura ba.

Lura da wannan ba sabon abu ba ne. Marubucin Ingila Charles Dickens, a littafinsa The Pickwick Papers wanda ya fito kashi-kashi tsakanin 1836 da 1837, ya kawo wani yaro mai teɓa wanda gyangyaɗi ke kwashewa ko yana tsaye, har likitoci suka ari sunan littafin suka raɗa wa wata larurar numfashi ta masu ƙiba a 1956. A 1868 likita Wilhelm Meyer na ƙasar Denmak ya bayyana tsokar da ke bayan hanci da irin ɓarnar da girmanta ke yi wa ji da numfashi. A 1976 kuma Christian Guilleminault da abokan aikinsa a Jami'ar Stanford ta Amurka suka bayyana ɗaukewar numfashi cikin barci a matsayin cutar yara mai zaman kanta. Abin da ya shigo daga baya shi ne tambaya a kan rawar da ƙwayoyin cuta ke takawa a tsakanin girman tonsil da ƙiba.

2.0 Beli da Hakin Wuya da Mashaƙo

Kafin a shiga bayanin likitanci, ya kamata a tsaya a kan harshe, saboda a nan ne ruɗanin yake farawa. Idan mutum ya buɗe baki ya ce "aa", zai ga wata 'yar tsoka tana reto a tsakiyar ganɗa ta can ciki. Ita ce beli, ko belu a wasu kare-karen harshe. A gefenta na dama da na hagu akwai wasu tsokoki biyu masu kama da ƙwallon dabino. Su ne tonsil. Akwai ta uku da ba a gani da ido, tana can sama a bayan hanci. Waɗannan gaɓoɓi ne daban-daban, amma a bakin jama'a kalmomin beli da hakin wuya sukan shiga wurin juna, su kuma lulluɓe duk wani ciwo da ya shafi haɗiya. Uwa za ta ce beli ne ya sauko wa ɗanta, alhali abin da ya kumbura tonsil ne, belin kuma lafiyarsa lau.

Wannan ruɗani yana da sakamako a aikace. Cire beli aiki ne na wanzamai tun kaka da kakanni, ana yi wa jarirai a kwanakin farko na haihuwa, ana kuma yi wa manyan yara idan ciwon wuya ya yawaita. Bashir Aliyu Sallau ya yi rubuce-rubuce a kan sana'ar wanzanci da matsayinta a rayuwar Hausawa, Lewis Wall kuma ya yi nazarin tunanin Bahaushe a kan cuta da magani a littafinsa Hausa Medicine na 1988. Ba a musun ƙwarewar wanzami a fagensa, ba a kuma musun amanar da ke tsakaninsa da gidajen da yake yi wa aiki. Sai dai idan tonsil ce ta toshe hanya, yanke beli ba ya buɗe ta. Yaron zai sha zafin aska, ya fuskanci hatsarin zubar jini da shigar ƙwayoyin tetanus ko na ciwon hanta, sannan ya koma gida da minsharinsa yadda ya zo da shi.

Kalma ta uku ita ce mashaƙo, wadda Kanawa suka sake sani da ƙarfin tsiya tun daga ƙarshen 2022, lokacin da annobarta ta ɓarke, Jihar Kano kuma ta ɗauki kaso mafi yawa na waɗanda aka tabbatar sun kamu a duk Nijeriya. Ƙwayar Corynebacterium diphtheriae ce ke haddasa ta. Tana shimfiɗa wata fata mai launin toka a kan tonsil da maƙogwaro, wuya ya kumbura, gubarta kuma ta taɓa zuciya. Mashaƙo cuta ce ta gaggawa mai kisa cikin kwanaki, riga-kafinta kuma yana cikin allurar nan mai haɗe da kariya biyar da ake yi wa jarirai a mako na 6 da na 10 da na 14. Ba ita ce jigon wannan maƙala ba. An kawo ta ne domin a raba ta da girman tonsil na yau da gobe, wanda yake cin yaro a hankali cikin watanni da shekaru, babu zazzaɓi, babu kuka.

Haka lamarin yake a ɓangaren jiki. Hausa ta bambanta ƙiba da teɓa da kumburi, ta kuma tanadi rama da tamowa a ɗaya gefen. Amma ƙiba a kan kanta kalmar yabo ce. Idan aka ce yaro ya yi ƙiba, addu'a ake bi da ita, ba jaje ba. Ma'aikacin lafiyar da ya gaya wa uwa cewa ɗanta yana da "cutar ƙiba" ya haɗa kalmomi biyu da kunnenta bai saba jin su tare ba, kuma ba abin mamaki ba ne idan ta ɗauka baki yake yi wa yaron.

3.0 Aikin Tonsil da Mazauna Cikinta

Tonsil da tsokar bayan hanci da wasu ƙananan tsokoki a gindin harshe sun yi wa mashigar iska da abinci zobe, wanda masanin jikin ɗan'adam na Jamus, Wilhelm Waldeyer, ya bayyana a 1884. Dangin kaluluwa ne, cike suke da fararen ƙwayoyin jini masu aikin garkuwar jiki. Duk abin da yaro ya shaƙa ko ya haɗiya sai ya gifta ta gabansu, su ɗanɗana shi, su koya wa jiki yadda zai gane shi gaba. Shi ya sa suke girma a shekarun da yaro ya fara cuɗanya da duniya, kamar daga shekara 2 zuwa 8, sannan su riƙa motsewa idan ya doshi balaga. A wannan tsakani girmansu yakan riga girman ƙashin fuska da faɗin maƙogwaro, don haka ɗan ƙarin kumburi kaɗan ya isa ya matse hanya.

Fuskar tonsil ba sumul take ba. Tana da ramuka masu zurfi da lunguna, inda ɓurɓushin abinci da matattun ƙwayoyin jiki ke taruwa. A cikin waɗannan ramuka bakteriya iri-iri ke zaune, kuma yawancinsu ba sa cutar da mai lafiya. Huɗu daga cikinsu sun fi fitowa a bincike: Streptococcus pyogenes, da Haemophilus influenzae, da Staphylococcus aureus, da Moraxella catarrhalis. Suna da wata dabara ta haɗa kai su lulluɓe kansu da wani yauƙi mai danƙo wanda yake manne wa bangon ramin. Magani yakan kashe waɗanda suka fito fili, na cikin yauƙin su tsira, bayan makonni su sake yaɗuwa. Wannan ne ya sa auduga da aka goga a saman tonsil ba ta cika nuna abin da ke can cikinta ba.

A 1988 likita Linda Brodsky da abokan aikinta a birnin Buffalo na Amurka suka nuna cewa tonsil da ta yi girma fiye da kima tana ɗauke da bakteriya masu yawa a cikinta, musamman Haemophilus influenzae, ko da yaron ba ya fama da ciwon wuya a fili. Fassarar da aka yi wa wannan ita ce, zaman ƙwayoyin a ciki yana tsokanar fararen ƙwayoyin jini ba dare ba rana, su yi ta hayayyafa, tsokar ta yi ta ƙaruwa. Abin lura a nan shi ne, allurar jarirai da aka ambata a sama tana kare yaro daga nau'i ɗaya ne na wannan ƙwaya, wanda ke kawo sanƙarau, alhali mafi yawan waɗanda ke zaune a tonsil ba sa cikin wannan nau'i. Ita dai Brodsky ce ta tsara ma'aunin da likitoci ke amfani da shi har yau, daga 0 zuwa 4, gwargwadon yadda tsokokin biyu suka cinye faɗin maƙogwaro. A mataki na 4 sun cinye fiye da kashi uku cikin huɗu, wani lokaci har suna taɓa juna.

Streptococcus pyogenes kuwa hatsarinta na daban ne, kuma a ƙasar Hausa shi ya fi girma. Mafi yawan ciwon wuyan yara bairus ne ke kawo shi, yana kuma warkewa da kansa. Wajen kashi 20 zuwa 30 cikin ɗari ne kawai wannan ƙwaya ke haddasawa. Amma idan ita ce, aka kuma bar ta ba magani, garkuwar jikin wasu yara takan rikice bayan mako biyu zuwa uku, ta juya ta afka wa gaɓoɓi da ƙofofin zuciya. Lahanin da ta yi wa zuciya ba ya gyaruwa da kansa. Wani binciken hoton zuciya da likitocin Kano suka buga a 2007 ya sami wannan lahani a wajen mutum ɗaya cikin goma na waɗanda aka duba, kuma a watan Mayun 2018 Babban Taron Hukumar Lafiya ta Duniya ya zartar da ƙuduri na musamman a kan cutar. Maganin da ke toshe wannan hanya ba mai tsada ba ne: fenisilin ko amoksisilin na tsawon kwana 10 cur.

4.0 Inda Ƙiba Ta Shigo

Ƙiba tana taɓa maƙogwaro ta hanyoyi biyu. Ta farko a bayyane take. Kitse yana taruwa a gefen maƙoshi da gindin harshe da wuya, ya rage faɗin hanyar iska daga waje, yayin da tonsil ke rage ta daga ciki. Kitsen ciki kuma yana tura huhu sama idan yaro ya kwanta rigingine. Saboda haka tonsil mai mataki na 2, wadda ba za ta dami siririn yaro ba, tana iya toshe numfashin mai teɓa.

Ta biyu a ɓoye take. Kitse ba ma'ajiya ce kawai ba. Gaɓa ce mai fitar da sinadarai zuwa cikin jini. Ɗaya daga cikinsu shi ne leftin, wanda aikinsa na asali shi ne shaida wa ƙwaƙwalwa cewa an ƙoshi, amma yana kuma zuga fararen ƙwayoyin jini. Jikin mai ƙiba yana zaune cikin wani ɓoyayyen kumburi marar zafi, kuma tonsil, da yake ita ma gidan waɗannan ƙwayoyin jini ce, tana cikin masu amsa wannan zuga. Ta haka tsokar take samun tsokana daga fuska biyu, bakteriya daga raminta, sinadaran kitse daga jini.

Daga nan sai lamarin ya zama zagaye. Yaron da hanyar iskarsa ta matse, da zarar barci ya yi nauyi naman maƙogwaronsa ya saki, sai hanyar ta rufe. Ƙirji yana ta kai-kawo amma iska ba ta shiga. Iskar oksijin ta ragu a jini, ƙwaƙwalwa ta firgita ta tashe shi na ɗan daƙiƙoƙi, ya ja numfashi da ƙara, ya koma. Da safe ba zai tuna komai ba. Barcin da aka yi ta yankewa haka yana rikita sinadaran yunwa da ƙoshi, ya sa yaro kwaɗayin zaƙi da maiƙo, ya kuma rage masa kuzarin wasa. Nauyi ya ƙaru, hanya ta ƙara matsewa, barci ya ƙara lalacewa. Ƙungiyar likitocin yara ta Amurka ta ƙiyasta a 2012 cewa wannan larura tana samun yaro 1 zuwa 5 cikin ɗari, kuma adadin ya fi haka nesa a tsakanin masu ƙiba.

Alamominta da rana sukan yaudari malamai da iyaye. Babba idan bai sami barci ba gyangyaɗi yake yi, yaro kuwa sau da yawa ƙiriniya yake yi da rashin natsuwa da saurin fushi. A makarantar boko a ce ba ya ganewa, a Islamiyya a ce ba ya riƙe hadda, a gida a yi masa faɗa a kan fitsarin kwance da ya dawo bayan ya daina. Yana zama baki buɗe, yana dalalar da yawu a matashi, yana gumi da dare, yana kwanciya da wuya a ɗage. Bulala ba ta da abin da za ta yi wa ko ɗaya daga cikin waɗannan.

Akwai zare na uku da ya haɗa bakteriya da ƙiba, kuma ya biyo ta hannun magani ne. Tun shekarun 1950 masu kiwo a Turai da Amurka suka gano cewa ɗan ƙaramin antibayotik a cikin abincin dabbobi yana sa su saurin ƙiba. A 2012 da 2014 ɗakin binciken Martin Blaser a Jami'ar New York ya nuna a jikin ɓeraye cewa ba su irin wannan magani tun suna ƙanana yana sauya bakteriyar hanjinsu, ya kuma ƙara musu kitse. Nazarin da aka yi a kan yara ya sami alaƙa tsakanin yawan shan antibayotik a shekaru biyun farko da ƙarin nauyi daga baya, sai dai alaƙar ba mai ƙarfi ba ce, kuma samun abu biyu tare ba ya tabbatar da cewa ɗaya ne ya haifi ɗayan. Duk da haka, batun ya cancanci a sa masa ido a garin da ake sayen kafso a kemis ba tare da takardar likita ba, a sha na kwana biyu, a ajiye saura don ƙanen yaron. Irin wannan sha ya yi yawa ga ciwon da bairus ya kawo, ya kuma yi kaɗan ga wanda zai taɓa zuciya.

5.0 Sharaɗa da Challawa da Bompai

Bompai ce babbar yaya a cikin ukun. Ta tashi tun zamanin Turawa, a kan arzikin gyaɗa da fata da jirgin ƙasan da ya iso Kano a 1911 ya buɗe wa hanya. Sharaɗa, mai kashi uku, da Challawa sun biyo baya, musamman daga shekarun 1970. Lokacin da aka yanka filayensu a bayan gari suke. Yau gari ya cim musu ya kewaye su: Dakata da Kawaji da Tudun Murtala da Gama a wajen Bompai, Ja'en da Sabuwar Gandu a wajen Sharaɗa, Panshekara da Kumbotso da Zawaciki a wajen Challawa. Masana'antu da yawa sun rufe tun bayan shirin tsuke bakin aljihu na 1986 da matsalar lantarki, waɗanda suka rage kuma sun dogara ƙwarai da manyan janaretoci masu shan man gas.

Abin da aka fi sanin waɗannan yankuna da shi a rubuce-rubucen masana muhalli shi ne dagwalon ruwa. Na Bompai yana bin rafin Getsi ya faɗa Jakara har zuwa madatsar Wasai, na Sharaɗa yana bin Salanta, na Challawa kuma yana shiga kogin Challawa, ɗauke da sinadarin kuromiyam na kamfanonin jima. Wannan babbar magana ce, amma ba ita ta fi kusa da maƙogwaron yaro ba. Abin da ya fi kusa da shi shi ne iskar da yake shaƙa da yawan mutanen da yake kwana da su.

Iskar tana da kaya iri-iri. Akwai hayaƙin janareta da na manyan motocin dakon kaya, da na bolar da ake cinna wa wuta har da leda da taya, da na itace da gawayi a tsakar gida, da na maganin sauro na kunnawa a ɗakin da aka rufe tagoginsa. A kan wannan duka hunturu yake sauke ƙurarsa daga Nuwamba zuwa Maris, wadda kaso mai yawa nata yake tasowa daga kwarin Bodele a arewacin Chadi. Hanci ne matacin farko, tsokar bayan hanci da tonsil suna biye. Idan hanci ya toshe yaro ya koma numfashi ta baki, busasshiyar iska mai ƙura tana dukan tonsil kai tsaye ba tare da an tace ta ko an jiƙa ta ba. An daɗe da tabbatar da cewa yaran da ke zaune cikin hayaƙin taba sun fi yawan minshari da ciwon kunne da na maƙogwaro, kuma a 2021 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙara tsaurara ma'auninta na ƙananan ɓurɓushin da ke yawo a iska, ta mayar da shi maikurogiram 5 a kowace mita kubik ta iska a matsakaicin shekara. Cunkoso kuwa shi ne abokin tafiyar Streptococcus pyogenes a ko'ina cikin duniya. Ɗakin haya ɗaya mai yara biyar ko shida, da aji mai ɗalibai fiye da kima, sun ishe ta yawo daga baki zuwa baki.

Batun ƙiba a nan yana buƙatar taka-tsantsan. Babbar matsalar yaran Arewa har yanzu ƙarancin abinci ce. Binciken lafiyar al'umma na ƙasa na 2018 ya nuna kashi 37 cikin ɗari na yaran Nijeriya 'yan ƙasa da shekara biyar sun tsumbure, a shiyyar Arewa maso Yamma kuma adadin ya kai kashi 57, alhali masu nauyin da ya wuce kima kashi 2 ne kacal a ƙasar baki ɗaya. Wanda ya tsaya a kan waɗannan alƙaluma zai ce maganar ƙiba maganar 'yan gata ce. Amma alƙaluman duniya sun nuna inda aka dosa: a tsakanin 'yan shekara 5 zuwa 19, masu nauyin da ya wuce kima sun tashi daga kashi 8 cikin ɗari a 1990 zuwa kashi 20 a 2022, kuma ƙaruwar ta fi sauri a biranen ƙasashe masu tasowa. Unguwannin masana'antu suna da duk abin da ke kawo wannan sauyi. Biskit da alewa da lemon kwalba da taliyar leda mai saurin dahuwa suna kowane teburin mai kanti, wasunsu ma a nan bayan katanga ake yin su, kuma sun fi ƙwai da nama da 'ya'yan itace sauƙin kuɗi. Uwar da ke aikin yini a kamfani ko take sana'a a gida takan sallami yaro da kuɗin tara. Filayen ƙwallo sun zama filotai, titi kuma na tirela ne da adaidaita sahu. Harajin naira 10 a kan kowace lita ta abin sha mai zaƙi, wanda dokar kuɗi ta 2021 ta kawo, hauhawar farashi ta riga ta shanye shi. Ba abin mamaki ba ne a sami tsumburarren yaro da mai teɓa a gida ɗaya, suna ci a kwano ɗaya.

Shi ma ramammen yaron bai tsira daga tonsil ba, kuma wannan ne abin da rubuce-rubucen ƙasashen waje kan wuce da sauri alhali a Kano shi ne na kan gaba. Sinadarin girma a cikin barci mai nauyi jiki ya fi fitar da shi. Yaron da ba ya kaiwa ga irin wannan barci, yake ƙone ƙarfinsa wajen kokawar jan numfashi, yake kuma gudun tuwo da nama saboda wahalar haɗiya, ba zai yi tsayi ko nauyin sa'o'insa ba. Haka nan masu cutar sikila, waɗanda Nijeriya ta fi kowace ƙasa yawansu, tonsil ɗinsu takan yi girma fiye da ta sauran yara, raguwar oksijin da dare kuma tana cikin abubuwan da ke tayar musu da ciwo.

6.0 Tiyata da Abin da Ke Biyo Bayanta

Ba kowace babbar tonsil ake cirewa ba. Game da yawan ciwon wuya, ƙa'idar da Jack Paradise ya kafa a Pittsburgh a 1984 ita ake bi: sau 7 a shekara ɗaya, ko sau 5 a kowace shekara har shekara biyu, ko sau 3 a kowace shekara har shekara uku, kuma kowane karo ya kasance an tabbatar da shi. Game da toshewar numfashi, ana duba girman tsokar da tsananin alamomin dare. Na'urar auna barci tana da tsada, don haka labarin da uwa ta bayar shi ne jarin likita, kuma ɗan bidiyon minti biyu ko uku da aka ɗauka da waya, yaro yana barci ƙirji a buɗe, yakan faɗi abin da baki ya kasa. A larura marar tsanani likita kan fara da maganin fesawa a hanci da jira. Sashen kunne da hanci da maƙogwaro na Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano da na Asibitin Ƙwararru na Murtala Muhammad suna ganin irin waɗannan yara, haka ma Cibiyar Kula da Lafiyar Kunne ta Ƙasa da ke Kaduna.

Gwaji mafi girma a kan amfanin tiyatar an buga shi a 2013, a kan yara 464 'yan shekara 5 zuwa 9 a Amurka. An raba su biyu, aka yi wa rabi tiyata da wuri, aka sa wa rabi ido na wata bakwai. Numfashin barci ya daidaita a kashi 79 cikin ɗari na waɗanda aka yi wa aiki, da kashi 46 na waɗanda aka jira. Ɗabi'a da jin daɗin rayuwa sun inganta a rukunin farko, amma gwajin natsuwa da tsara tunani bai nuna bambanci mai ƙarfi ba. Darasi biyu ne a ciki: tiyata tana aiki, kuma kusan rabin masu larura marar tsanani suna warwarewa ba tare da ita ba. Masu ƙiba su ne suka fi ƙarancin warkewa sarai a rukunan biyu, tun da an cire abin da ya matse hanya daga ciki, na waje yana nan.

Abin da ya fi ba iyaye mamaki ya fito ne a rahoton 2014 na wannan gwaji: yaran da aka yi wa tiyata sun fi sauran ƙara nauyi, har da waɗanda dama nauyinsu ya wuce kima, waɗanda da yawansu suka tsallaka zuwa cikakkiyar ƙiba. Dalilin bai da wuyar ganewa. Haɗiya ta yi sauƙi, hanci ya buɗe abinci ya dawo da ƙamshinsa, ƙarfin da ake ƙonewa wajen numfashi ya ragu, gida kuma yana ta lallashin majiyyaci da kayan zaƙi. Ga ramammen yaron Panshekara ko Dakata wannan ƙarin nauyi shi ne abin da ake nema. Ga mai teɓa kuwa yana iya dawo da minsharin da aka kai shi asibiti dominsa. Saboda haka sallama daga gadon asibiti ba ta rufe maganar ba. Ana sa ido a kan zubar jini, wanda kan iya tasowa tsakanin kwana na 5 da na 10 lokacin da ɓawon miki ke faɗuwa, sannan a riƙa ɗora yaron a kan sikeli ana auna tsayinsa a watannin da suka biyo baya, ana kwatanta su da jadawalin shekarunsa da jinsinsa. Idan minshari ya dawo, ko aka ga numfashi yana ɗaukewa kamar da, sai a koma wurin likitan da ya yi aikin.